Geron Gida da Marayun Raguna

Buhun gero takwas ne a ɗakin ajiyata ƙarshen kakar waccan shekara, bakin da ke jiran su kuma biyar: ni, da matata Kulu, da 'ya'yanmu uku. In an yi tsimi, takwas ɗin za su kai mu sabon gero. Na ɗebi biyar na ba makiyaya, na karɓi 'yan raguna talatin da ɗaya, waɗanda babu wanda ya yi mako biyu a duniya a cikinsu. Uku na bari a gida. Abin da na zuba a kasada ke nan, abincin iyalina na fiye da rabin shekara, kuma ban nemi shawarar kowa ba.

Bana ne abin ya dawo mini sabo. Azumi ya sake faɗowa cikin zafi, kogi ya ja baya da wuri, harawa ta yi tsada. Ina zaune a rumfata a kara, kasuwar dabbobi, sai ga wani mutum da a-kori-kura cike da buhuna, wai abincin dabbobi ya kawo mai rahusa. Ya kwance bakin buhu ɗaya. Tun kafin in leƙa, warin ya gaya mini ko mene ne: busasshen kashin kaji ne gauraye da ɓuntun shinkafa. Na ce ya ɗaure, ya je ya gwada masu shanu. Ya tafi yana ganin na yi masa wulaƙanci. Ni kuwa har aka sha ruwa warin nan bai bar hancina ba.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, shekarar da damina ta ɗauke da wuri, kogin Haɗejiya kuma bai fita daga bakinsa ba. Mu nan ba ruwan sama kaɗai muke jira ba. Muna jiran ruwan da zai taso ya malale fadama, ya kwanta wata biyu ko uku, ya janye ya bar mana shinkafa, da kifi a kududdufai, da ciyawar burugu wadda dabba ke ci har bazara. Waccan shekara bai zo ba. Fadama ta tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa ciki. Masunta suka rataye taru suka shiga saran itace. Makiyayan da suka saba gangarowa kowane rani suka iso da garkensu suka tarar da ƙasa tsirara. Tumaki na haihuwa babu nono. Sai mutum ya sayar wa mahauta uwa tun tana iya tsayuwa, ɗan kuma ya rasa yadda zai yi da shi. Kuɗi ba ya gabansu, hatsi suke nema.

Ni a lokacin ƙaramin dillali ne. Shekara tara ina riƙe igiyar dabbar wani, ina tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, ban taɓa mallakar ko ɗan akuya ba. Geron nan ma daga gonar tudu da na gada ya fito. Na zauna na yi tunani: in na raya marayun nan zuwa ƙaramar Sallah, lokacin babu rago mai ƙiba a ƙasar nan. Ko ashirin suka rayu zan mai da gerona ninki biyu, in kuma samu jarin kaina. Har yau ban ce tunanin banza ne ba. Abin da ban sani ba ne ya kayar da ni.

Ranar kasuwar Kafin Hausa aka yi musayar. Da na iso gida da su cikin kwanduna a kan jakuna, suna ta kuka, Kulu na tsakar gida tana matsar man gyaɗa, sana'arta ke nan. Ta dubi kwandunan, ta shiga ɗakin ajiya, ta fito.

"Malam, ina buhu biyar?"

"Ga su nan a kwando."

"Waɗannan? Su za a daka a yi tuwo?"

"Ki ba ni wata bakwai."

"Ni zan iya ba ka. Je ka tambayi cikin yaran nan ko zai ba ka."

Ta wanke hannu ta ɗora ruwa a wuta, domin ta ga wasunsu sun fara langaɓewa.

Wata biyun farko kwalba muka riƙe. Madarar gari ce ake aunawa da kofi a kasuwa, sai mu dama ta da ruwan ɗumi, mu ƙara siririn kunun dusa, mu ɗura a kwalaben lemo masu robar bulumboti a baki. Safe, azahar, yamma. Ribar man Kulu duk can take tafiya. Huɗu suka mutu a makonnin farko, ban damu ba, na sa su a tunanina tun farko. Wasu biyar kuma suka ƙi ci gaba, ƙashi da fata, suna rawar ɗari.

Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa, Goggo Dudu. Asalinsu makiyaya ne, shanunsu suka ƙare a wani farin da ya riga wannan, mijinta ya rasu, ta zauna a gari da tumaki uku da akuya ɗaya. Ita ta leƙo ta ga raunanan nan biyar.

"Habu, waɗannan da kake jira su mutu, ba ni su."

"Me za ki yi da su, Goggo?"

"Abin da ake yi da ɗan tunkiya. In sa shi cikin tumaki."

Muka shirya: abincin da zan ba nawa, shi zan riƙa ba ta nasu. In sun rayu biyu nata, uku nawa. Na ji kamar an sauke mini kaya. Saura ashirin da biyu a hannuna.

A lokacin wata cuta ta majina da zawo tana kashe tumaki da awaki a gari. Na rantse ba za ta shigo mini ba. Na kafa shingen zana a ƙuryar gida, na saya musu kominsu na daban, na hana kowace babbar dabba zuwa kusa. In na dawo daga kara sai na wanke hannu da ƙafa kafin in shiga wurinsu. Ina alfahari da wannan tsari ƙwarai.

Cikin tumakin Goggo akwai wata tsohuwar uda, gabanta baƙi bayanta fari, kunnenta ɗaya a tsage. Wata safiya ta ɓullo ta kafar katanga ta nufi shingen. 'Yan ragunana suka taru a jikin zana suna miƙo baki. Kafin ta isa na zabga mata sanda a hanci. Ta yi baya tana atishawa. Goggo ta fito.

"Me ta ci maka, ɗan birni?"

"Cuta za ta kawo mini."

"Wace cuta? Dube ta. Bakinta suke nema. Ba ka taɓa ganin ƙarami yana lasar bakin uwarsa in tana tuƙa ba? Sai ya yi haka cikinsa ke zama."

"Goggo, wannan a daji ne. Yanzu tsabta ake yi."

"To, Allah ya ba ka sa'a da tsabtarka."

Ranar na ƙara zana ta biyu, na bar fili tsakaninsu, yadda ko numfashin wata dabba ba zai kai gare su ba.

Da aka yaye su sai maganar abinci ta taso. Harawar wake da ta gyaɗa sun fi ƙarfina, ɗan abin da ya samu manyan 'yan kasuwa sun kwashe. Sai na tuna wani mai turkar shanu daga Kano da na taɓa gani yana haɗa wa bijimansa kashin kaji da dusa, suna ta ƙiba. A hanyar Malam Madori akwai wata gonar kaji, kashin a jibge yake a bayanta, mai gadin ma godiya ya yi da na ce zan kwashe. Sai in shanya, in tankaɗe, in haɗa da dusa da ƙaiƙayin gero, in yayyafa ruwan gishiri. Kwana uku suka yi suna ƙi, a na huɗu suka afka masa. Na riƙa auna wa Goggo nata rabon kamar yadda muka yi alkawari. Ta shinshina ta yamutsa fuska, amma ta karɓa, tana haɗa musu da 'ya'yan gawo da take tsinta.

Suka yi girma, ba zan ɓoye ba. Bayansu ya faɗaɗa, gashinsu ya kwanta. Na Goggo kuwa ga ciki tulu-tulu, ga girma a hankali. In na wuce sai in ce, "Goggo, yaya 'yan gidan gargajiya?" Ita kuma ta ce, "Suna gaida na asibiti."

A cikin gida kuwa gero na tafiya. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Kulu ta daina surfe sosai don kada a yi asarar ko tafi ɗaya, ta kuma riƙa bin matan unguwa zuwa busasshen tafki suna tonon bado a cikin taɓo. Sai ta dawo da laka har gwiwa, ta dafa, yara su ci suna ɓata fuska. Ban cika zama lokacin cin abinci ba. Na fi son in tsaya a bakin shinge ina kallon raguna, ina gaya wa kaina saura kaɗan.

Sai bazara ta sauka. Zafin shekarar ban sake ganin irinsa ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, iska in ta taso kamar daga bakin tanda. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa har muka ƙara igiya sau biyu, abin da guga ke fitowa da shi rabinsa yashi ne. Yanzu mutum na shan ruwa da ƙanƙara, ga rijiyar burtsatse a kowace unguwa. Mu a lokacin randa ce, ita ma sai an rufa mata jiƙaƙƙen buhu. A cikin wannan aka ga watan azumi. Buhu na ƙarshe ya kai rabi.

Ran uku ga azumi na zuba abinci da safe, duka suka taso ban da babbansu, wanda na riga na yi wa farashi a zuciyata. Yana tsaye a gefe, kai a ƙasa, yana haki. Na ɗaga fatar idonsa, na ga ta yi ɗorawa. Ina riƙe da shi ya yi fitsari, ja-wur, kamar an tsiyaye zoɓo. Washegari kafin azahar ya kwanta, na sa wuƙa don kada ya tafi a banza. Da na feɗe, kitsen duk ya rine rawaya. Na kai wa wani mahauci da muke mutunci, ya ɗaga cinya ɗaya ya ajiye.

"Habu, ko kyauta ka ba ni ba zan ɗora wannan a tebur ba."

Kwana biyu bayan haka wasu biyu suka tsaya a gefe. Na jiƙa musu kanwa. Na samo sassaƙen da ake ba mai ciwon shawara. Na sayi allura wurin wani mai yawo da jaka a kara, na tsira musu da hannuna. Babu wanda ya tashi. Abin da ya fi ruɗa ni, manya masu ƙiba ne ke fara tafiya. Cikin kwana tara bakwai suka tafi. Kowace safiya sai in tsaya a ƙofar shinge in kasa shiga, ina tsoron in ga wanda ya ware kansa. Baki a bushe, ciki a wofi, ga yara suna tambayar uwarsu me ya sa ake yanka rago kullum amma ba a kai kasuwa.

Kulu ce ta nemo mana Malam Bitrus. Kirista ne daga kudancin Kaduna, ma'aikacin kula da dabbobi, yana haya a bayan layinmu, matarsa na sayen mai a wurin Kulu. Ni girman kai ya hana ni zuwa, don ina ganin dillali ya fi ma'aikaci sanin rago. Ya zo da rana tsaka a kan keke, rigarsa sharkaf da gumi.

"Malam Habu, ni da ba na azumi ma na galabaita. Ku kam Allah ya ba ku lada."

"Amin, Likita."

"Ni ba likita ba ne, amma ci gaba da faɗa, yana mini daɗi. Ina gawar?"

Na nuna masa wanda na yanka da safe. Ya tsuguna ya ciro hanta, ta kumbura, ta yi kalar ɓawon lemo, yatsa na shiga cikinta. Ya ciro ƙoda, baƙa ƙirin tana sheƙi. Ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya je komi ya ɗebi abincin ya shinshina.

"Tun yaushe suke cin wannan?"

"Wata huɗu da wani abu."

"Su kaɗai?"

"Har da biyar da ke wurin tsohuwar nan."

"Nawa suka mutu a can?"

Ban taɓa tambayar kaina ba. Goggo ce ta amsa ta kan katanga, ashe tana ji.

"Ko ɗaya. Ga su nan suna tuƙa."

Malam Bitrus ya zagaya ya duba su, ya ɗaga idon kowanne, fari tas. Ya tambayi yadda aka raine su, Goggo ta ba shi labari har da sandar da na zabga wa udarta, ba ta rage komai ba. Ya ciro wata siririyar roba daga jakarsa, ya zura ta maƙogwaron udar ya zuƙo ruwan tumbi cikin 'yar kwalba. Ya yi wa ɗaya daga cikin nawa haka a wata kwalbar. Ya cusa su cikin aljihun ƙirjinsa don kada su huce, ya ce in hau bayan keke.

A ofishinsu akwai madubin likita guda ɗaya, tsoho, wanda ake karkata wa hasken taga. Ya ɗiga na udar a gilashi, ya daidaita, ya ce in sa ido. Na sa. Na ɗago da sauri na ce, "A'uzu billahi!" Wasu halittu ne cike da wurin, manya da ƙanana, suna iyo, suna juyawa, suna karo da juna kamar kara ranar kasuwa.

"Wannan tunkiyar ai ta gama mutuwa!"

Ya yi dariya. "Ita ce mai lafiyar. Duba naka."

Na duba. Ruwa ne da ɓarɓashin abinci. Babu abin da ke motsi.

Ya zauna a gefen tebur ya yi mini bayani a hankali, ni kuma ga yadda na riƙe shi. Kowace tunkiya tana da waɗannan halittu a tumbinta, kuma ba a haihuwarta da su, daga bakin manya take samu, ta yawu da tuƙa da shan ruwa a komi ɗaya. Nawa na tsare su tun suna jarirai, ba su samu ba. Halittun su ma ci suke yi daga abin da dabba ta ci, shi ya sa nawa suka riga na Goggo girma, babu mai raba musu. Amma masu kaji suna zuba wani sinadari na jan ƙarfe a abincin kaji, mafi yawansa kuma a kashi yake fita. Shanu suna iya ɗaukarsa. Tunkiya ba ta iya zubar da shi, sai hantarta ta yi ta tarawa shiru, har ranar da zafi ko wahala za su sa ta sake shi cikin jini gaba ɗaya. Halittun nan, in sun samu abinci mai gina jiki na gaske, irin harawa da tunkuza da 'ya'yan gawo, suna farfasa shi, abin da ke fita daga ciki ya kama jan ƙarfen ya ɗaure, ya wuce da shi waje.

"Na Goggo suna da masu gadi, suna da gawo. Naka babu ko ɗaya. A makaranta aka gaya mana wannan, ban taɓa gani da idona ba sai yau."

"To, a yi musu allura."

"Ba ni da ita. Ko a Kano ban san inda za ka samu ba. Ka ji gaskiya, Malam Habu: wanda hantarsa ta riga ta cika zai tafi, ko me ka yi. Waɗanda ba su kai ba muke nema. Daga yau kada su ƙara ganin kashin kaji. A sa musu inuwa, kada a kora su, kada a kai su kasuwa. Ka nemo harawa da tunkuza ko ta halin ƙaƙa. Ka kuma cire zanar nan, ka je ka ba tsohuwa haƙuri."

Na je. Ban iya doguwar magana ba, na tsuguna na ce, "Goggo, na yi kuskure. A taimake ni." Ta dube ni ta ce, "Ba ni ka daka ba. Tashi ka kawo ƙwarya da ruwan ɗumi."

Da hantsi, lokacin da tumakinta suka kwanta suna tuƙa, ta zauna kusa da udar tana shafa mata wuya. Tana kallon maƙogwaro. Da ta ga curin ya hau, sai ta kama ƙasan haɓa da hannu ɗaya, ta zura yatsu biyu ta gefen baki ta ƙwaƙulo shi, kore, da ɗumi, da wari mai tsami. Ta dama a ƙwarya, ta tace da gefen zanenta, muka ɗura wa kowane rago ta kwalba. Tumaki uku, raguna goma sha biyar. Kwana shida muna yi. A rana ta huɗu udar ta datse mata yatsa har jini. Ta ɗaure da tsumma ta ce, "Ramuwar sandarka ce ta sauka a kaina." Na kwance zana biyun, aka shigo da tumakinta cikin nawa, suka sha a komi ɗaya. Ta kuma buɗe buhun gawo biyu da ta ɓoye wa nata, ta ce a raba.

Saura tunkuza. A gidanmu akwai ta, domin ita ce ke rage wa Kulu in ta matse mai. Da ita take soya ƙuliƙulin da yara ke ci da rana, shi ne kuma muke marmasawa a kan bado in an sha ruwa. Kwana biyu ina zagaye maganar. Ita ta gaji ta fara.

"Malam, faɗi abin da ke bakinka."

"Likita ya ce tunkuza."

"Na ji lokacin da ya faɗa. Ka san abin da yaran nan ke ci ke nan?"

"Na sani."

"In na ba raguna, suka mutu duk da haka fa?"

"Mun rasa duka biyu."

"In na hana fa?"

"Mun rasa raguna, gero kuma saura kwana goma."

Ta kalli ƙaramar 'yarmu, wadda ke barci a tabarma, wuyanta ya yi siriri. Sa'an nan ta tashi ta ɗauko kwanon tunkuzar ta dire a gabana. Washegari na dawo na tarar da bangon ɗakinta wayam. Kwanukan jerenta goma sha biyu, waɗanda aka kawo ta da su, ta ba dillaliya. Da su ta sayo gyaɗa ta ci gaba da matsa, mai na kasuwa, tunkuza rabi na raguna rabi na yara.

Ni kuma na shiga neman ɗanyar ciyawa. An ce akwai wani gurbi mai zurfi can cikin fadama da bai ƙafe ba, da sauran burugu a bakinsa. Tafiyar rabin yini ce da jaki. Sai in fita bayan sallar asuba, in yanka, in ɗaure, in juyo da rana a ka. A zuwa na biyar, ina dawowa, na ga ƙasa tana juyawa. Na farka a gindin wata ƙaya, wani masunci yana kwara mini ruwa a fuska, jakin da na aro yana cin kayan da na ɗora masa.

"Bawan Allah, sha."

"Ina azumi."

"Gawa ba ta azumi. Sha, ka rama."

Na sha. Ruwan gora ne mai ɗumi da warin kifi. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai Kulu, na kuma rama bayan Sallah.

Duk da haka suka ci gaba da tafiya. Ɗaya, sai kwana biyu shiru har in fara sa rai, sai wani ya ware. Malam Bitrus ya ce a binne hanta da ƙoda, kada ko kare ya ci. Tsokar kuwa Kulu ta yanyanka ta shanya a igiya, muka riƙa sa ta a miya, muna ci ba mai duban kwano. Ran ashirin da huɗu ga wata na shida ya faɗi. Shi ne na ƙarshe. Saura tara, sun rame, gashinsu ya tashi, amma da hantsi sai su kwanta gefen tsohuwar uda, bakinsu na juyawa.

Gero ya ƙare kwana uku kafin Sallah. Ragunan ba su kai a nuna wa mai saye ba, Malam Bitrus kuma ya ce in na kora su cikin zafin nan zan ƙarasa su a hanya. Muka yi Sallah da bado da busasshen nama. Yara ba su fita yawo ba, babu ƙarfi. Kwana goma sha ɗaya babu ƙwayar hatsi a gidana, sai abin da Goggo ko matar Malam Bitrus suka miƙo ta katanga.

Ranar da ruwa ya sauka ina gyaran komi. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe ragowar zanar da na jingine, sai ƙamshin ƙasa. Muka tsaya a tsakar gida mu duka, ba wanda ya nemi mafaka. Bayan mako ɗaya tudu ya yi kore, tafasa ta fito, Kulu ta samu abin kwaɗo. Goggo ta kora nawa da nata tare zuwa bayan gari. Na fara fitar da su biyu-biyu, ina juya su hatsi a lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci tsada.

Ga yadda abin ya tsaya. Talatin da ɗaya na karɓa. Huɗu suka mutu a kwalba, goma sha uku kashin kaji da zanata suka kashe. Biyu na Goggo ne bisa alkawari. Goma sha biyu suka rage mini: tara na shinge, uku daga hannunta. Ɗaya na ba ta, mafi kyawunsu, na roƙe ta ta bar mini tsohuwar udar a madadinsa. Ta ce ban iya ciniki ba, ta karɓa. Goma sha ɗayan suka dawo mini da buhu uku. A ciki muka ɗebi iri, sauran ya kai mu tumu, ba wanda ya mutu a gidana.

Buhu biyar suka fita, uku suka dawo. Udar ta ƙara haihuwa sau biyu kafin ta mutu, daga 'ya'yanta garkena ya tashi, kuma har yau ba na turke ƙananan raguna ba tare da tsohuwar tunkiya a cikinsu ba. Wannan ce ribar.

Kwanukan kuwa, bayan shekara shida, da hannuna ya buɗe, na je Kano na sayo wa Kulu goma sha biyu sababbi, waɗanda suka fi na da kyau. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta yi godiya, ta mai da su cikin kwalinsu ta tura ƙarƙashin gado. Na ce ba za ta jera ba?

Ta ce, "Waɗancan innata ce ta tara mini su, ɗaya-ɗaya."

Suna nan cikin kwalin har yau. A wurina suna ɓangaren hasara.